An sace karen gadi a unguwar Karkada, Damagaram: a biya kuɗin goro ko a kai ƙara?

Baban Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. An sace karen gadin garken yayana daren Talata. Wani yaro ya ce a ba shi jika 15 (sefa dubu 15) ya nuna inda yake. A biya, ko a tafi komisariya, wajen 'yan sanda?

Maharbin Mirriya: Wa alaikumus salam. Kare kan karɓi abinci a hannun kowa. Ɓarayi nama suke jefawa ta kan katanga dare biyu ko uku har ya saba da su, wasu kuma karya mai neman barbara suke kawowa, shi da kansa zai bi ta. Maganin abin, tun yana ɗan kwikwiyo mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a kwano ɗaya.

Hajiya ta Birni: Malam, ai an riga an sace. Baban Nana, ka tara hotonsa, takardar allurarsa da wata alama ta jiki, kamar tsagar kunne ko tabo. Ka fara da mai unguwa. Kada a ba yaron ko dala sai an ga karen da ido.

Ɗan Zango: Hajiya, wani dattijo mai lambu duk ya bi wannan hanya. Ya biya jika 10, aka maido karen da ƙafa a karye saboda an ɗaure shi da waya cikin kango. Wata 2 suka sake ɗaukewa, don sun gane gidan na biya. Daren nan aka kwashe masa injin ban ruwa. Da aka kama yaron, iyaye suka zo ban haƙuri, wai "kare ne fa". Tsohon nan har yau a lambun yake kwana. Wallahi abin na ci mini rai. A tsananta hukunci, a ɗauke shi kamar satar bisashe.

Maharbin Mirriya: Jika 15 ta yi yawa, kwikwiyo jika 3 ne.

Mai Shago: Na gida ke nan. Karen Buzaye mai horo ko a jika 40 ba za a sallama ba.

Almajirin Malam: Risala ta ce an hana sayar da karnuka, an yi saɓani kan wanda aka yarda a riƙe, amma wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa. Ke nan yana da daraja.

Mai Shago: Allah gafarta Malam, komisariya ake tambaya, ba fatawa ba.

Autan Fada: Karen gadin da aka sace, shi ma sai a nemo masa mai gadi!

Hajiya ta Birni: Auta, bar wasa. Inda aka ɗauke kare, garke ake nufi. Ku sauya kwado yau, a mai da tumakin cikin gida.

Ɗan Zango: Ga layya na matsowa. Su wa ke sayen ragon da ba dillali, ba shaida, da asuba? Ku fara da mahautan da ke karɓa.