Lambobi nawa ne ke raba 720720 ba saura?

Ɗaliba, Kawo:
Assalamu alaikum malamai. An ba mu aikin gida a kan 720720: a farfasa ta, a faɗi lambobi nawa ke raba ta ba saura, kuma a ce wane irin lamba ce. Dole sai an gwada ɗaya bayan ɗaya?

Malamin Lissafi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. A'a 'yata, dubi siffarta tukuna: 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai wannan siffa, wato lambobi uku da aka maimaita, rabin farko ne aka ninka da 1001, ita kuwa 1001 = 7 × 11 × 13. Saura 720, wato 16 × 9 × 5. Ke nan 720720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13.

Yanzu ki ƙara 1 a kan ƙaramar lambar da ke saman kowacce (wadda ba a rubuta komai a samanta ba, 1 ce), ki ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Dalilin ƙara 1 shi ne, mai rabawa zai iya ɗaukar 2 sau ɗaya har zuwa sau huɗu, ko ya ƙi ɗaukarta sam, zaɓi biyar ke nan. A nan yawancin ɗalibai ke zamewa. Wani ya manta ƙarin ya samu 8, wani ya tara maimakon ninkawa ya samu 16.

Injiniya, Barnawa:
Malam ya gama magana a kan 240. Ƙarin da zan yi: 720720 ita ce LCM ta 1 zuwa 16, wato lamba mafi ƙanƙanta da kowacce daga 1 zuwa 16 ke raba ta ba saura. Ta 1 zuwa 15 kuwa 360360 ce, don a can 2 sau uku ta wadatar. 16 ce ta jawo ta huɗun. A 17 take tsayawa, saura 5 ke fita.

Ki yi hattara da gwajin 16. Kar ki ce tunda 2 da 8 sun raba ta, 16 ma ta raba. 24 ta ƙaryata wannan. Lambobi huɗu na ƙarshe ake dubawa: 0720 ÷ 16 = 45.

Malama, Unguwar Rimi:
Batun iri kuma, cika ce ba mara ba. Ba murabba'i ba ce, wato ba wata lamba ce aka ninka da kanta ba, ta faɗa tsakanin 848² = 719104 da 849² = 720801. Jimlar masu raba ta: 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3249792, inda 31 = 1 + 2 + 4 + 8 + 16, 13 = 1 + 3 + 9, 6 = 1 + 5, haka sauran. Ki cire ita kanta, saura 2529072, ya fi ninkinta uku, don haka tana cikin lambobin da jimlar masu raba su ta fi su yawa, ba irin 6 da 28 da ke fitowa daidai ba.

Babu wata lamba ƙasa da ita mai masu rabawa 240. 665280 ce ta kusa, da 224. Masanin lissafi Ramanujan ya yi nazarin irin waɗannan a 1915. Ki rubuta duk matakan a takardarki, malamai ba sa ba da maki cikakke kan amsa tsura.