Gigin tsufa: tsohuwa na cewa gida za ta da yamma, maganin barci ko kulle ɗaki?

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum. Tsohuwa ce mai shekara 78, likita ya ce cutar mantuwa ce. Da safe lafiya lau, tana gane kowa. La'asar na yi sai ta ɗaure kayanta ta ce gida za ta, alhali a ɗakinta take. In an tare ta sai faɗa. Wasu sun ce a riƙa ba ta maganin barci, wasu sun ce a kulle ɗakin. Wanne ya fi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ko ɗaya ban goyi baya ba. Rikicin yamma sanannen abu ne a wannan cuta: ƙwaƙwalwa ta gaji da wuni, haske ya ragu, inuwa ta fara kama da mutane, ga hayaniyar yara da girki. Gidan da take nufi kuwa galibi gidan ƙuruciyarta ne, shi ya sa "ai nan ne gidanki" ba ya shiga. Sabon abu ne ke fara ɓacewa, tsohon ya daɗe.

Kada ku yi musu da ita. A ce "To Hajiya, bari a yi magariba tukuna," a miƙa mata abin da hannunta ya saba, tsintar wake ko ninke zannuwa ko carbi. Ku kunna fitila tun kafin rana ta faɗi, a rage talabijin. Da hantsi ta zauna a waje ta ɗan taka, barcin rana kada ya wuce awa ɗaya, shayi da goro su tsaya daga azahar. A kai ta banɗaki duk awa 2 zuwa 3, domin wani zagayen da take yi fitsari ne ya matse ta, kalmar ce ta ɓace mata. In ta nemi mijinta da ya rasu, kada a riƙa sanar da ita rasuwar, kowane lokaci sabon makoki ne a wurinta. A ce ta ba da labarinsa.

Abin da ya fi muhimmanci: idan ruɗewar ta ƙaru kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, galibi ba cutar ce ta ci gaba ba. A nemi ciwon mafitsara, maleriya, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida ko faɗuwar suga. Tsofaffi kan kamu ba tare da jiki ya yi zafi ba. Asibiti a ranar.

Mai Harhaɗa Magani:
A kan maganin barci zan tsaya. Diazepam da Piriton, waɗanda aka fi sayowa a kemis, ƙara ruɗa tsoho suke yi, su kawo jiri, a tashi fitsarin dare a faɗi. Karayar ƙugu a wannan shekaru kan kwantar da mutum har ƙarshe. Haloperidol, maganin da ake ba masu taɓin hankali, shi ma ba na gwaji ba ne: akwai nau'in cutar, mai sa ganin mutanen da babu su, da wannan maganin kan sandarar da mai shi.

Cutar iri-iri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne, akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa. Ga na farkon likita kan rubuta donepezil, miligiram 5 a rana, a kai 10 bayan aƙalla wata guda. Ba ya warkarwa, sassauci ne na wani lokaci, kuma yana iya kawo tashin zuciya, gudawa da raguwar bugun zuciya. Ku roƙi gwajin jini na sinadarin bitamin B12 da na ƙwayar thyroid da ke maƙoshi in ba a yi ba, matsalarsu na kama da mantuwa kuma tana da magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri suna duba irin wannan. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya.

Baban Ummi:
Kulle ɗaki firgita ta zai yi, ta yi ta dukan ƙofa, in gobara ta tashi kuma fa? Ƙofar gida ake tsarewa. A sa sakata can sama inda ido bai saba kaiwa ba, a rataya ƙararrawa, a saki labule mai launin bango a kanta. Tsakar gida a bar mata ta zaga, amma a rufe rijiya, a ɗauke kalanzir, ashana da fiya-fiya. A ɗinka lambar waya a cikin hijabinta, a ajiye sabon hotonta. Ku faɗa wa mai unguwa da masu shagon layi gaskiyar ciwon, don tsohuwar da aka tsinta tana sambatu a wata unguwa wasu mayya za su kira ta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Haka ne Baban Ummi. Sannan Auta, kada aikin ya tsaya kan mutum ɗaya, wadda galibi 'ya ce ko matar ɗa. A rubuta jadawali: wa ke kwana, wa ke la'asar zuwa isha, wa ke sayen magani. Mai kwana da ita ta samu aƙalla dare biyu a mako na cikakken barci a wani ɗakin.