Me za mu kira fusion da Hausa?

Jama'a a taimaka da kalma ɗaya. Ina ɗan rubutu ne a kan Foday Musa Suso, makaɗin kora (wani babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi) ɗan Gambiya da ya koma Shikago a 1977 ya kafa Mandingo Griot Society shi da Adam Rudolph, makaɗin ganga Ba'amurke, har a faifansu na 1978 Don Cherry ya busa musu ƙaho. Turawa suna ce wa irin wannan kiɗan, da ya haɗa na gargajiya da jaz, fusion, ni kuma wallahi na rasa Hausarsa.

Wani ya turo min gamin gambiza. A'a ɗan uwa, wannan ai kushe ne, ana faɗarsa ne in abu bai dace da juna ba. Saurari aikin da Suso ya yi da makaɗin jaz Herbie Hancock, wanda ya fito a 1985, su biyu kacal, kora mai tsirkiya 21 da kibod, wannan ya ja wannan ya amsa, ba inda wani ya taka wani.

Wani Malam ya kawo gauraya, na gode, ita ta fi yawan masu so, kuma ba laifi. Matsalata da ita in ka gauraya gari da ruwa shi ke nan ba ka ƙara gane wanne ne wanne, alhali a nan kunnenka na jin salon jali (makaɗan gado) na Mandinka da Suso ya gada kaka da kakanni daram, kana kuma jin jaz ɗin da kayansa, kowa da asalinsa bai yar ba.

Ruwa biyu kuwa mu bar ta, da mutane ake faɗarta kuma ba kowa ke jin daɗinta ba.

Wata Hajiya ce ta kawo auratayya, ni dai nan na tsaya. Gida biyu sun haɗu, kowa da danginsa, an samu ɗa mai kama da duka biyun. Kuma na Mandinka da baƙaƙen Amurka ma auren zumunci ne, tunda an kwashi bayi da yawa daga bakin kogin Gambiya da Senegal, banjo ɗin Amurka ma ɗan uwan ngoni ne da akonting, dangin molo da gurminmu.

To zan rubuta kiɗan auratayya. Masu aikin rediyo ku gwada ta a baki ku gaya min ko tana zama.