Lambar yabon sojan Jamus mai 65 a zobe: ta gaske ce ko jabu?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Masana tsofaffin kayan soja, ina neman haske. Akwai lambobin yabo biyu na sojan Jamus a hannun wani mai kayan tarihi nan Damagaram, duka irin gicciyen ƙarfen nan baƙi mai farin baki. Ta farko tana rataye da ƙyalle ja mai ratsin fari da baƙi, gabanta 1939 da alamar 'yan Nazi, bayanta 1813, a jikin zoben da ƙyallen ke ratsawa kuma an buga 65. Ta biyu ba ta da ƙyalle, allura ce a bayanta, an buga L/58. Mai kayan ya ce tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi ne suka zo da su. Me lambobin nan ke nufi, kuma sun isa shaida?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. 65 ba shekara ba ce, ba kuma lambar soja ba ce, lambar kamfanin da ya ƙera ce. Tsari biyu Jamusawa suka yi. Lamba zalla, ba harafi, ta ofishin fadar shugaban ƙasa ce, wanda ake taƙaita sunansa PKZ, shi ke ba kamfanoni kwangilar lambobin da za a raba wa soja. A wannan jeri 1 Deschler ne na Munik, 2 Juncker na Balin, 3 Deumer, 4 Steinhauer & Lück, 20 Zimmermann, 65 kuwa Klein & Quenzer na garin Idar-Oberstein, kuma nasu na cikin waɗanda aka fi samu. Mai harafin L ta ƙungiyar maƙeran lambobi ce, LDO, wadda ta fara aiki a 1941, ana buga ta a kan waɗanda soja zai saya da kuɗinsa a kanti idan tasa ta ɓace ko yana son ta biyu. Shi ya sa kamfani ɗaya kan riƙe lamba biyu: Steinhauer & Lück shi ne 4, shi ne L/16; Juncker shi ne 2, shi ne L/12.

Ta fuskar shekaru, mai L ba za ta riga 1941 ba. Lamba zalla kuwa sai da yaƙi ya yi nisa, wajen 1942 zuwa 1943, ta yawaita. 1939 ɗin da ke gaba shekarar da aka sabunta lambar yabon ce, ran 1 ga Satumba, haka aka ci gaba da bugawa har 1945. 1813 kuma shekarar da sarkin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ya ƙago ta. Wadda ba ta da tambari sam kada a raina ta, da yawa na farkon yaƙi haka suka fito.

Amma lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Duk mai guduma da ƙarfen buga lamba zai iya buga 65 a zobe.

Maƙerin Azurfa:
Gaskiyar Malam. A ajiye zancen lamba tukuna, a duba ƙira. Ta gaske gida uku ce: baƙin ƙarfe a tsakiya, sai firam biyu, na gaba da na baya, aka haɗa su aka like. Firam ɗin ba azurfa ba ne, gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, aka yi masa ruwan azurfa. Ka juya ta ta gefe, za ka ga siririn layin haɗi ya zagaye ta kamar gashi. Idan gefen sumul ne, ko akwai tudun layi da aka goge da magagari, zubi ne guda ɗaya, ka mayar masa da abarsa.

Kayan aikin duk suna kasuwar Dole. Mayen ƙarfe: ya kama tsakiya, kada ya kama firam. Gilashin masu gyaran waya mai ƙara girma sau goma. Sikelin masu sayar da zinariya: mai ƙyallen tana kai wajen giram 20. Faɗinta kuma milimita 44 ko kusa da haka. Ta zubi takan gaza da ɗan kaɗan, domin ƙarfe na tsukewa idan ya huce, kuma an ɗauki mazubin ne daga ta gaske.

Inda na fi daɗewa da gilashi shi ne ƙananan haƙoran nan da suka jeru a bakin firam ta ciki. Bugu aka yi musu da inji, don haka kowane haƙori tsaye yake, mai kaifi, tsakaninsu fes. Na zubi a dasashe suke, wasu sun manne da juna, sai ka ga ƙananan ramuka irin na kumfa a tsakani. Sannan ka duba inda baƙin fenti ya haɗu da firam. An fenta tsakiyar ne kafin a rufe ta, saboda haka fenti na shiga ƙarƙashin firam. In ka ga ya hau kan farin, ko dai guda ɗaya ce aka fenta, ko wani ya sake mata fenti daga baya. Sa farce ka taɓa tsakiyar. A wasu tana ɗan motsi cikin firam, wannan ba aibi ba ne, shaida ce cewa gida uku ce.

Zoben ma ka duba mahaɗinsa. A like yake fitowa daga kamfani. Idan a buɗe yake, ko likin sabo ne yana ƙyalli, ana iya ciro zobe mai 65 daga wata a sa wa wannan.

Hajiya Mai Tarihi:
Maƙeri, Allah ya ƙara basira, amma zancen mayen ƙarfe a yi masa linzami. Akwai na gaske ƙalilan da aka yi tsakiyarsu da tagulla, maye ba ya kama su, su kuma masu jabu sun daɗe da koyon yin gida uku da baƙin ƙarfe. Gwajin yana fid da jabun banza ne kawai.

Abin da ke yanke hukunci shi ne a ga ko jikin ya yarda da lambar. Kowane kamfani da ƙarfen bugunsa, kuma kowane ƙarfe da tabonsa: yadda 3 ta lanƙwasa a 1939, tsayin ƙafar 1, yadda haƙora suka haɗu a kusurwa, wata 'yar tsaga da ke maimaita kanta a wuri ɗaya. Ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ka jera da hotunan na Klein & Quenzer da masana suka tabbatar, ka bi adadi bayan adadi. Zobe ya ce 65 amma adadin na wani kamfani ne, magana ta ƙare.

Ita ta biyun, mai allura, daraja ta ɗaya ce (mai ƙyallen ce daraja ta biyu), bayanta fili ne ba 1813. L/58 Rudolf Souval ne na birnin Biyana a Ostiriya, kuma nan ne wahala. Kamfanin ya yi aiki lokacin yaƙi, ya kuma ci gaba da bugawa bayan 1945 yana sayar wa masu tara kayan tarihi, da lambar nan tasa. Ke nan tana iya zama ta Souval da gaske amma ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Sai an gwada allurar da maƙalarta da mahaɗinta da na zamanin yaƙi. Ni dai ba zan ba a biya kuɗin ta yaƙi a kan L/58 da hoto kawai ba.

Ƙyallen kuma a haska shi da tocilar duba jabun kuɗi cikin duhu. Farin da ya yi shuɗi yana walƙiya, ko sabon ƙyalle ne ko an wanke shi da omo. Wannan bai kashe lambar yabon ba, ƙyalle ana sauyawa.

Malam na Zango:
Labarin tsofaffin sojoji mai yiwuwa ne, mutanenmu sun yi yaƙi a Faransa a 1940 da 1944, amma labari ba ya ƙara ko dala sai da takarda ko hoto. Kuma kada a goge su da toka ko lemun tsami. Ruwan azurfar siriri ne, yana tafiya ba ya dawowa. Busasshen burushi mai laushi ya isa, a ajiye su nesa da laima da damina don tsatsa. Idan da niyyar sayarwa waje, a sani Jamus da Faransa sun hana baje alamar 'yan Nazi a fili. Tun 1957 ma Jamus ta Yamma ta fitar da sabon samfuri mai ganyen itace a madadin alamar.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai 65 ɗin maye ya kama tsakiyarta, layin haɗi yana nan, zobe a like. Gobe in sha Allah zan sa hoton adadin da na bayan mai allurar.