Samaru ko cikin ganuwa: ina za a rataya hotunan?

Mai Hoto, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Hotuna 40 da ƙungiyarmu ta tace na rayuwar garin nan na Zariya sun kammala: masu ɗinkin aska takwas a zaure, 'yan dako a kasuwar Sabon Gari, cunkoson Keke Napep a PZ da Kwangila, mahaya ranar hawan sallah. Saura wurin ratayewa. Matsayina shi ne, baje kolin da aka kulle a ɗaki a Samaru ba na Zariya ba ne. Mai shayin da aka ɗauka a Ƙofar Doka ba zai bar teburinsa ya hau mota har Jami'ar Ahmadu Bello da ke can Samaru, ya tsaya yi wa masu gadi bayani, don ya ga fuskarsa a bango ba. A buga su manya a kan bana, wato ledar nan ta allon talla, a kafa kowanne a unguwar da aka ɗauke shi. Bikin baje kolin hotuna na LagosPhoto, tun da aka fara shi a 2010, yana kafa manyan hotuna a filayen Legas. Me zai hana mu?

Mai Ɗab'i, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Malam. Niyyar tana da kyau, amma bana ba za ta ɗauki waɗannan hotunan ba. Rabinsu da waya aka ɗauka, megafiksel 12, wato fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. A takardar A2, mai santimita 42 da 59, kowane inci zai sami fiksel kusan 170, kuma wannan ya isa. Ja shi zuwa mita 2, inci ya koma fiksel 50 kacal. Daga nisan mita 5 ido ba zai kama ba, to amma lungun cikin birni nawa ne ke da faɗin mita 5? Mai kallo hancinsa na kusa da hoton zai tsaya, ya ga zaren rigar da maɗinki ya yi wata guda yana sokawa ya zama dusu-dusu.

Na biyu, tawadar injin bana an yi ta ne don rubutu da launi mai ƙarfi. Duk inuwa mai taushi, irin ta cikin zaure, dunƙulewa take ta zama baƙi ƙirin, fuskar baƙin mutum ta rasa hanci da kumatu. Ga rana: bangon da ke kallon yamma yana cin ja da rawaya kafin sauran launuka, hoton ya koma shuɗi-shuɗi kamar tsohon allon kamfen.

Mai Hoto, Tudun Wada: To a rage girman. Mita ɗaya.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari: Mita ɗaya ya gyara fiksel, bai gyara tawada ba. Kuma roƙona, duk mai turo hoto ta WhatsApp ya turo shi a matsayin fayil. In ka tura shi a matsayin hoto, manhajar matse shi take, fiksel 4000 ɗin su dawo ƙasa da rabi, daga nan ko A4 da ƙyar.

Malama, Samaru: Yaya, ban yarda da cewa Samaru ba Zariya ba ce. A garin nan ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau sashen zane yana yaye masu idon da za su dubi hoto su gaya mana inda muka gaza. Muna bukatar wannan sukar. Sannan ɗaki yana ba ka abin da titi ba zai ba ka ba, wato iko da haske da jeri. Tsakiyar kowane hoto a santimita 150 daga ƙasa, fitila ta sauko a karkace da kusan digiri 30 don kada gilashi ya mayar wa mai kallo da walƙiya, ƙwayayen duk iri ɗaya, kada wani fari fat wani ja-ja. Ka jera asuba a tasha, hantsi a kasuwa, la'asar a gindin rimi, magariba a masallaci, mutum ya bi yinin garin da ƙafarsa. A titi kowane hoto maraya ne.

Amma babban abin da ke damuna ba wannan ba ne. Matar da ta yarda a ɗauke ta tana tuyar ƙosai, shin ta yarda a kafa fuskarta mita ɗaya a bakin layinsu, inda surukanta ke wucewa safe da yamma?

Ɗan Ƙofar Gayan: Malama ta taɓo inda yake ciwo. A cikin ganuwa kowa ɗan gidan wani ne. Hoton da baƙo zai kira "ɗan dako", mu mun san sunan kakansa. Izinin ɗauka daban, izinin kafawa daban, kuma na biyun sai an koma wa mutum da hoton a hannu, a buga masa ƙarami, a gaya masa girman da za a yi da bangon da za a sa da kwanakin da zai yi. Matar aure, a bi ta hannun maigidanta bayan ita kanta ta amince. Yaro, sai iyaye. Almajiri, sai malaminsa, kuma ni a ganina hoton yaro da ƙoƙon bara bai kamata ya hau bango ko'ina ba, Samaru ko birni. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma tana ɗaukar hoton da ake gane mai shi a matsayin bayanin mutum, don haka a sami takarda da sa hannu ko dangwale.

Duk da haka ina bayan Malam a kan asalin magana. Wanda ka ɗauki fuskarsa shi ya fi kowa haƙƙin gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne titi. Bango a titi ba shi da mai shi: yau hotonka, gobe an liƙa fostar ɗan takara ko tallar maganin basir a kan fuskar dattijo, kuma kai za a zarga.

Baba Mai Firem: Yara, kuna ta ja tsakanin jami'a da titi kamar babu zaure a garin nan. Zaure ɗaki ne, yana da mai shi, yana da ƙofa, kuma ba wanda ke jin nauyin shigarsa. Haskensa daga ƙofa yake shigowa a kwance, ba ya dukan hoto kai tsaye. A nemi mai unguwa, shi zai nuna gidan da za su bayar.

Sai dai a san bangon ƙasa. Firem mai santimita 50 da 70, da gilashi mai kaurin milimita 2, ya kusa kilo 3. Ƙusa a jikin laka ba ta riƙe wannan; za ta yi kwana biyu tana sassautawa, ta fito da ɓangaren yaɓe, a yi asarar gilashi a kuma ɓata wa mutane bango. A ratayo daga sama: a ɗaura katako mai inci 2 da 2 a jikin azara inda rufin ya ba da dama, waya biyu ta sauko wa kowane hoto. In rufin daurin guga ne, kada a taɓa shi sam, a yi allunan filawud masu ƙafa su tsaya da kansu. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin firem da bango saboda laima da gara. Hoton kuma kada ya taɓa gilashi, a sa masa kwalin gefe mai kauri; in ba haka ba, laimar Agusta za ta manne su, ranar cirewa fuskar hoton ta biyo gilashin. Liƙa takarda da sitaci a bangon ƙasa kuwa kada ma a fara. Gara na sonsa, awaki na sonsa, kuma in an zo ɓarewa da yaɓen yake tahowa.

Malama, Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, amma zaure wurin maza ne. Mace wucewa take da sallama, ba ta tsayawa kallon bango. Kun ga an sake rufe wa rabin garin ƙofa. Kuma duhu fa?

Baba Mai Firem: Gaskiyarki, 'yata. A ware wa mata lokaci, daga hantsi zuwa azahar, 'yan matan ƙungiya su tsaya a ƙofa. Ko a ɗauki ajin Islamiyya ranar Alhamis da Juma'a da ba karatu, can mata sun saba shiga. Duhu kuwa lissafi ne. Ƙwan LED 10 masu wat 7 sun zama wat 70. Batir mai bolt 12, amfiya 100, in ba a so a kashe shi rabinsa ake ja, wat 600 na awa ɗaya ke nan. Cire abin da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ke ci, ka sami awa 7. Ya kai daga hantsi har la'asar sakaliya ba tare da ƙarar janareta ba.

Mai Hoto, Tudun Wada: Zaure nawa zai ci hoto 40? Ku lissafa. A3 a firem ɗin santimita 40 da 50, da tazarar 15 tsakani, kowanne na son kusan santimita 60, jimla mita 24 na bango. Zaure mai mita 4 kowane gefe, in ka cire ƙofofi biyu, bai wuce mita 13 ba. Rabi ke nan. Kuma mutum goma suka shiga ya cika. Ban janye maganar waje ba. Hotunan da babu fuskar kowa, ganuwa, Dutsen Kufena, layin dogo, rufin kasuwa daga sama, waɗannan ba su da matsalar izini kuma ba su da inuwa mai taushi. Su a kafa su a fili, a Ƙofar Doka inda ake da nisan kallo, su jawo mutane zuwa zauren.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari: Waɗannan zan iya bugawa, da sharaɗi. Firem ɗin ƙarfe, zobe a gefen bana duk santimita 50, a ɗaure tamau, don bana mai lilo iska ke yagawa daga zoben kusurwa. A juya fuskarta arewa don kauce wa rana, in wurin ya yarda. Kuma a yi shi daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Disamba ƙura za ta rufe komai cikin kwana uku, kuma goge ta a bushe karce hoton yake. Afrilu da Mayu guguwar farkon damina ce.

Malama, Samaru: Ni har yanzu ina ganin cikakken jerin 40 ɗin a ɗaki ɗaya ya kamata a fara gani, a Samaru, sannan a rarraba. In aka fara da rarrabawa, ba wanda zai taɓa ganin aikin a matsayin abu guda.

Ɗan Ƙofar Gayan: A'a, Malama. In an fara da Samaru, masu hoton sun zama na biyu a ganin kansu. Birni tukuna.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari: Kafin ku raba wannan, a turo min fayil uku yau: maɗinkin zaure, ganuwa, da mahayin hawan sallah. Zan buga yankin santimita 30 na kowanne a girman da ake so, ɗaya a bana ɗaya a takardar hoto. Kowane yanki a raba shi biyu, rabi a aljihun tebur, rabi a bangon yamma na mako biyu, mu gwada yadda rana za ta ci launin. Baba, a tanadar mana allon filawud ɗaya mai ƙafa mu gwada tsayuwarsa a daɓen zaure.