Kuɗin kwata a takardar ruwa da ƙarin kuɗin yasar lambatu: wa ke da ikon karɓa?

Mai Gidan Haya, Yelwa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya biyu gare ni daga Garwa. Gidan haya ne mai ɗaki shida, mutum 15 manya da yara, kwantar ruwa (mitar da ke auna ruwan famfo) ɗaya. Takardar ruwa da ta saba zuwa wajen sefa 7,000 yanzu ta haura 12,000, wata biyu a jere. Magana na yawo a unguwa wai an fara saka kuɗin kwata da lambatu a cikin kuɗin ruwa. Shin haka ne? Na biyu, kwamitin layinmu ya ɗaga kuɗin yasar lambatu daga 500 zuwa 1,500 a wata kan kowane gida, mu gida 40 ne. Masu haya sun ce ba za su biya ba. Wa doka ta ba ikon karɓar irin wannan kuɗi, kuma ta yaya ake sanin adadin da ya dace?

Malam Akawu:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗauko takardar ka bi ta layi-layi. Abin da za ka gani shi ne ruwan da aka sha, kuɗin hayar kwanta, harajin TVA (wato VAT) idan ya hau, sai bashin baya in akwai. Kuɗin kwata ba ya cikin abin da Camwater, kamfanin ruwa na ƙasa, ke caja wa gidaje, kuma dalilin a fili yake: galibin unguwannin Garwa babu babban bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata. Irin wannan tsari a Kamaru sai a wasu rukunin gidajen SIC, kamfanin gidaje na gwamnati, kamar na Yawunde da Duwala. Sauranmu kowa da masansa ko fos ɗinsa (rufaffen tankin tara ƙazantar masai) a cikin gida. Akwai harajin tsabtace gurɓataccen ruwa a dokar ruwa ta 14 ga Afrilu 1998, amma masana'antu da manyan wuraren sana'a masu zubar da ruwan datti yake hawa, ba gidan zama ba. Inda ake haɗa kuɗin da takardar ruwa, kamar Faransa, Senegal da Burkina Faso, ana lissafa shi ne kan kowace mita kubik (lita 1,000) da ka sha, kuma yana da layinsa da sunansa a rubuce.

To daga ina ƙarin ya fito? Yi lissafin da kanka. Farashin da aka daɗe a kansa shi ne sefa 293 kan kowace mita kubik a goman farko, abin da ya wuce goma kuma 364. Gidan da ya sha 18 zai biya 2,930 da 2,912, jimla 5,842, ka ɗora hayar kwanta ka ga ya kusanci 7,000 ɗinka. Gidan da ya sha 30 kuwa 2,930 ne da 7,280, jimla 10,210. Sannan tun dokar kasafin kuɗi ta 2019 an yafe TVA wa gidan da bai wuce mita kubik 20 a wata ba, da ka wuce nan harajin kashi 19.25 cikin ɗari ya shigo. Ke nan tsakanin takardarka ta da da ta yanzu akwai kamar mita kubik 12 na ƙari, wato lita 400 a rana. Wannan adadi kuwa daidai yake da abin da tankin masan zamani guda ɗaya ke zubarwa idan robar ƙasansa ta ci, ruwa yana silalewa ba ƙara ba komai.

Gwajin ba ya cin ko dala. Da dare a rufe kowane famfo, ka rubuta lambobin kwanta duka. Baƙaƙen su ne mita kubik, jajayen su ne lita. Da asuba kafin a fara alwala ka sake dubawa. In jajayen sun motsa, yoyo na cikin gida, kuma duk abin da ya wuce kwanta naka ne. Duba tankin masai, duba bawul ɗin da ke tsayar da ruwa a tankin sama, duba inda ƙasa ke da danshi ko ciyawa ta yi kore a rani. In ba su motsa ba, gwada lambar da ke kan kwanta da wadda aka rubuta a takarda. Idan an yi wasu watanni ana ƙiyasi sannan aka karanta na gaskiya, bambancin kan faɗo a wata ɗaya.

Maganar wa ke biyan lambatu kuwa, ana biya, sai dai ba ta wannan hanyar ba. Mai albashi ya duba takardar albashinsa zai ga TDL, harajin raya ƙananan hukumomi. A jadawalin dokar Disamba 2009, wadda aka maye gurbinta a Disamba 2024, ya fara ne daga sefa 250 a wata ga mai albashin 62,000 zuwa 75,000, ya kai 2,500 ga wanda ya haura 500,000. 'Yan kasuwa ma suna biya tare da harajinsu na shekara. Dokar ta ce don fitilun titi ne, tsabtar gari, kwashe shara da makamantansu. Duk kuɗin da meri, wato ƙaramar hukuma, za ta karɓa sai majalisarta ta amince da shi, kuma in an biya ana karɓar rasit mai hatimi. Kwamitin layi ba shi da wannan iko. Nasa karo-karo ne na yarjejeniya, ba zai iya ci wa kowa tara ba.

Injiniya Bakin Binuwai:

Malam Akawu ya gama da takarda. Ni kan 1,500 ɗin zan tsaya, domin gardamar ba za ta ƙare ba sai an auna lambatun. Ku ɗauki tef da sanda. A ce tsawonsa mita 300, faɗinsa santimita 60, yashin da ya kwanta kaurinsa santimita 30. Ka ninka 300 da 0.6 da 0.3, ka samu mita kubik 54. Tifa mai ɗaukar 6 za ta yi sawu 9. A baro kuwa ya kusa 800. Ku tambayi kuɗin sawu ɗaya da na leburori a rana, ku ƙara shebur, safar hannu da takalmin roba, ku ninka biyu, domin sau biyu ake yasa: cikin Mayu kafin ruwa ya zauna, da kuma cikin Agusta lokacin da ya fi ƙarfi. Abin da ya fito ku raba kan gida 40. Gida 40 a kan 1,500 wata goma sha biyu ya tashi sefa 720,000. In kwamiti ya nuna lissafin da ya kai haka, shike nan. In bai kai ba, a rage, ko a faɗi abin da za a gina da ragowar.

Kuma ni a ganina gara a gina wani abu da ragowar, saboda yasa kaɗai ba ta magance komai. Ƙasar Garwa yashi ce, layukan da ba kwalta duk ruwan da ya sauka sai ya kwaso ta. Ruwa yana buƙatar gudun kamar santimita 60 a daƙiƙa kafin ya iya tafiya da yashi, shi ya sa ake son gangaren da bai gaza milimita 5 a kowace mita ba. Inda maginin ya shimfiɗa ƙasan lambatu ba gangare, nan yashi zai zauna ko an yashe sau goma. Maganinsa ramin tare yashi: a bakin inda ruwan layi ke shiga, a zurfafa ƙasan da santimita 40 zuwa 50 a tsawon mita ɗaya, a sa murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa. Kwashe rami uku bayan kowane babban ruwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan buɗe mita 300.

Abin da ya fi ɓarna shi ne ƙofar gidaje. Mutum zai so mota ta shiga, sai ya jefa bututu mai faɗin santimita 30 cikin lambatu ya binne da siminti. Bakin wannan bututu kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na lambatu mai 60 da 60. Leda biyu da gorar roba sun isa su toshe shi, ruwa ya koma gidan maƙwabcin da ke sama. A fasa shi a sa falankin kankare da ake ɗagawa.

Wajen yasa a fara daga ƙasa, inda ruwan ke fita, a hauro sama. Wanda ya fara daga sama ruwan da ya saki zai taru a kansa. Kuma a yi cinikin tifa kafin a sa shebur. Laka ta kwana biyu a gefe ta tsane, a kwashe. In ta kai sati, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Kafin komai ma ku bi lambatun har inda yake zuba cikin babbar magudana. Manyan nan, har da waɗanda aka gina da kuɗin shirin C2D na yafe bashi tsakanin Faransa da Kamaru, aikin merin birni ne. In can ne a toshe, ku rubuta takarda ta hannun mai unguwa, don karo-karonku ba zai kai can ba.

Hajiya Lopere:

Injiniya, raba wa gida 40 daidai wa daida ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gida mai rufin kwano 200 da tsakar gida 100 da aka malale da siminti, in aka yi ruwan milimita 50, lita 15,000 ta sauka, kuma kusan 13,500 za ta fita waje. Duro 67 ke nan a yini ɗaya. Garwa kuwa tana samun wajen milimita 1,000 a shekara. Tsohuwa mai ɗaki biyu da tsakar gida ta yashi da bishiyar darbejiya ba ta fitar da rabin wannan. A biranen Amurka da Jamus da ke karɓar kuɗin ruwan sama, da faɗin rufi da daɓen da ruwa ba ya ratsawa suke auna wa kowa nasa, wanda ya tare ruwansa a gida kuma a wurare da yawa ana rage masa. Ba sai mun bi gida-gida da tef ba. A kasa gidaje uku: ƙarami, matsakaici, da babba ko mai sana'ar ruwa irin wankin mota da wanki da guga. Ƙarami kaso ɗaya, matsakaici biyu, babba uku.

Shi kuma Alhaji, wannan kuɗi na mai gida ne, rufinka ne ke zubar da ruwan. In kana so ya shiga kuɗin haya sai lokacin sabunta yarjejeniya. Kuɗin famfo ne ake raba wa masu haya, kuma bisa yawan kawuna, ba yawan ɗakuna ba.

Mai Gidan Haya, Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan yi gwajin kwantar. Sauran abu ɗaya: fos ɗin gidan yana cika duk damina, sai an kira motar zuƙa. Wani ya ce a haɗa bututunsa da lambatu a huta. Yaya kuke gani?

Injiniya Bakin Binuwai:

Kada ka kuskura, Alhaji. Lambatu na ruwan sama ne, a buɗe yake, yara na wasa a ciki, kuma ƙarshensa kogi. Ta haka kwalara ke yaɗuwa, arewacin nan kuwa ya ga ta 2010. Ma'aikatan tsabta na meri ma suna cin tara a kai.

Fos da ke cika duk damina ba kashi ne ya cika shi ba, ruwa ne. Mutum ɗaya yana tara laka kamar lita 40 zuwa 60 a shekara. Mutum 15 wajen lita 750 ke nan, don haka fos mai mita kubik 3 sai ya yi shekara biyu kafin laka ta kai rabi, lokacin da ya kamata a zuƙe. Ka gwada: naɗa farin tsumma a doguwar sanda, ka zura har ƙasa, ka bar ta minti biyar. Inda baƙi ya tsaya nan laka take. In ba ta kai rabi ba, kuɗin mota da kake biya na kwasar ruwa ne kawai.

Wuri uku za ka duba. Ko indararo ko ruwan tsakar gida na shiga ta murfi, sai a ɗaga bakin murfin santimita 10 sama da daɓe a juya indararon. Ko yoyon da Malam Akawu ya faɗa ne, domin lita 400 a rana in ta tankin masai take bi, cikin fos take ƙarewa, ka ga cuta ɗaya ce ta fito ta wuri biyu. Ko kuma ramin tsotse ruwa da ke bayan fos ya toshe. Wannan na faruwa idan bututun fita ba shi da gwiwa mai siffar T da ta nutse santimita 30 zuwa 40 cikin ruwa, sai maiƙo da kumfa su wuce su liƙe bangon ramin. In ya liƙe ba ya wankuwa, sabo ake haƙawa, nesa da rijiya da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama 30. A unguwannin da ke kusa da kogi, inda ruwan ƙasa ke tasowa a Agusta da Satumba, rami mai zurfi ba ya aiki, gara doguwar kwata mara zurfi da aka cika da tsakuwa aka binne bututu mai huji a ciki.

Ranar zuƙa a tsaya a kan masu mota su dama lakar ƙasa, kada su sha ruwan sama-sama su tafi, kuma a bar kamar kashi ɗaya cikin goma don ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta. Kada a bar kowa ya shiga ciki ko ya leƙa da ashana, iskar da ke ciki tana kashewa kuma tana kamawa da wuta.

Hajiya Lopere:

A yi zuƙar cikin Afrilu, lokacin layi a bushe yake mota na iya isowa ƙofa. Yawancin masu motar tiyonsu ba ya wuce mita 20 zuwa 30, kuma da sawu suke ciniki, saboda haka a tambayi girman tankin motar kafin a yanke farashi.