Abin da aka tsayar a nazari kan sakayyar Allah ga waɗanda ake tsananta wa

Dattawan ikilisiya da masu koyar da Littafi Mai Tsarki a Sabon Gari, Kano, sun tattauna yadda za a ƙarfafa mai bi da aka zalunta saboda bangaskiyarsa.

Sun ce kada a fara masa da Romawa 12:19, inda aka hana ramuwa. Wanda ciwonsa ke ɗanye zai ji kamar an toshe masa baki. A fara da Zabura 13, ayoyi shida ne kacal: huɗun farko kuka da roƙo, biyun ƙarshe dogara. Bayan ya huce a karanta Luka 18:1-8, gwauruwar da ta nace wa alƙali azzalumi har ya bi mata hakki.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun lokaci. Kuskure ne mai wa'azi ya yanka wa Allah rana, domin in ranar ta wuce bangaskiyar mutum ce ke karyewa. A Wahayin Yahaya 6:9-11 shahidai sun tambayi Allah har yaushe, aka ba su fararen riguna, aka ce su ƙara jira kaɗan.

Haƙuri kuma bai hana neman hakki ba. A birnin Filibi manzo Bulus ya ƙi a sallame shi a ɓoye bayan dukan da aka yi masa, daga baya a wata shari'a dabam ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar, sarkin Roma. Don haka a rubuta ranar da abin ya faru da inda ya faru, a nemi shaidu da lauya. Sai dai a fara tantancewa da 1 Bitrus 4:15, ko wahalar ta laifin mutum ce.